Rubutun Gefen Shafi

Kun sha tambayata dalilin da ya sa duk ranar da za mu shiga Sabon Gari nake sa a zagaya ta titin Ibrahim Taiwo, alhali ga gajeriyar hanya daga Kwaciri. Kullum sai in ce muku cunkoso nake gudu. Ƙarya nake yi. Akwai wani otal mai hawa uku a kan gajeriyar hanyar nan da ba na son idona ya sauka a kansa. Yanzu da likita ya hana ni gishiri da maiƙo da hawan bene, ban ga abin da ya rage mini da zan ci gaba da lallaɓawa ba, don haka ku zauna ku ji yadda aka yi.

Kakanku Malam Kyari tela ne a Fagge. Iyayensa daga Borno suka zo, amma shi a Kano aka yanke cibiyarsa. Keken ɗinkinsa tsoho ne mai taurin kai, kuma duk garin mutum ɗaya ne yake jin maganarsa, wani Ibo mai suna Mista Obi, mai gyaran keke da tafireta a Sabon Gari. Daga gyaran keke abota ta ƙullu, har ta kai idan na taso daga makaranta gidansu nake fara biyawa. Matarsa, Mama Nkechi, tukunya daban ta ware mini, kuma naman da za ta sa a ciki sai ta aika Fagge an sayo, don kada Baba ya yi ƙyanƙyami. Na ci shinkafar matar nan har ban san iyaka ba. Da rikici ya tashi gab da yaƙin basasa, Mista Obi ya ja Baba suka je ofishin da ke kula da filaye, aka rubuta cewa gidan yana hannun Baba riƙon amana, sannan ya damƙa masa makulli, ya kwashi iyalinsa suka shiga jirgin ƙasa. Baba ya rataye makullin a ƙusa bayan ƙofar ɗakinsa. Duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci yakan je ya buɗe gidan ya sha iska, ya sa a share. Da aka gama yaƙi Mama Nkechi ce ta dawo, ita da 'ya'ya mata biyu, babu miji, babu ko ƙyallen takarda, don duk abin da suka tafi da shi ya ƙone. Baba ya sauko da makullin ya miƙa mata a tsakar gidanmu, Innarmu tana tsaye da ludayi a hannu.

"Ga kayanki," in ji shi. "Komai yana nan yadda kuka bari. Ɓarnar ɓeraye ce kawai ba zan ɗauka ba."

Ta durƙusa tana kuka, shi kuma ya koma kan kekensa, don Baba ba ya iya tsayawa a yi masa godiya.

Ni kuwa a lokacin ina ƙasar Turawa ina karatu. Na dawo a shekarar da kuɗin mai ya haukata garin nan. An yi wa ma'aikata ƙarin albashi, masinja ya sayi babur, wanda gidansa ko wayar lantarki babu ya sayi firji ya ajiye a zaure yana zuba takalma a ciki. Kowa ɗan kwangila ne. Duk inda ka juya a Sabon Gari ana rushe gidan ƙasa ana zuba kankare. Na sauka da kwat da laktaye da kai wanda ya fi ƙarfin hulata, aka ba ni aikin koyarwa a kwalejin jami'a, darasin gabatarwa ga rumbun bayanai. In fassara muku a sauƙaƙe, aikina shi ne in koya wa ɗalibai yadda ake tsara labarin mutane ko kaya masu yawa ta yadda inji zai adana, ya kuma fito da wanda ake nema nan take. Abin dariyar shi ne, injin kansa ba mu da shi. Abin da muke da shi na'urar huda kati ce guda biyu. Sai mu huda katunan, mu jera a kwali, direba ya kai wani gari inda kwamfutar take, bayan kwana goma ya dawo mana da amsa. Kowane kati gurbi tamanin ne da shi, kowane gurbi harafi ɗaya yake ɗauka, ko za ka mutu ba zai ɗauki na tamanin da ɗaya ba. Ina son aikin nan, wallahi ina son sa. Idan na tsaya gaban allo ina cewa abu ɗaya, kati ɗaya, lamba ɗaya, ji nake ni aka aiko in gyara ƙasar nan.

Ana cikin haka wani babban jami'i daga ofishin filaye ya same ni. Ya ce littattafan rijistar fulotan Sabon Gari sun tsufa, yana son a mayar da su kan inji kafin manyan baƙi su zo duba ofishinsa nan da wata uku. Na ce faɗuwa ce ta zo daidai da zama, ɗalibaina suna bukatar aikin gwaji na gaske. Aka kawo littattafan a bayan mota, manya-manya masu bangon fata, suna warin jemage. Na hau allo na raba gurbi tamanin ɗin: lambar fuloti, sunan titi, faɗi da tsawo, shekarar rijista, sunan mai shi. Na cike su tsaf babu ragowar ko ɗaya, na ja da baya ina kallon allon ina jin daɗin kaina.

A ajin akwai wani Malam Inuwa, tsohon akawu da aka turo ƙarin karatu. Ya girme ni da kusan shekara goma sha biyar, yana zama a kujerar baya da gilashinsa ɗaure da zare. Shi ne ya ɗaga hannu.

"Malam, to rubutun gefe fa?"

"Wane rubutun gefe?"

"Akawunan da, idan mutum zai yi tafiya ya bar gidansa a hannun wani, sukan rubuta sunan mai riƙon a saman sunan mai gidan, sannan a gefen shafi su sa riƙo da jar tawada. Ni ma na sha yi da hannuna, musamman lokacin da mutane suka gudu."

"Malam Inuwa, kati gurbi tamanin ne, ba ni na ƙera shi ba. Sunan da aka rubuta na ƙarshe a kan layi, shi za ku ɗauka."

"A ƙara kati na biyu mana, ranka ya daɗe, a riƙa sa masu riƙo a kai."

Ku ji ni da kyau a nan, don a nan komai ya lalace. Abin da ya faɗa daidai ne. Shi ne ma darasin da na tanada zan koyar a mako na tara. Amma kati na biyu yana nufin aikin ya ninka, wata uku ba za su isa ba, kuma ga tsoho mai gilashin zare yana gyara mini zance a gaban aji. Sai na ajiye alli na ce:

"Idan Malam Inuwa yana kewar jar tawada, a samo masa kwalba da alƙalamin kara. Mu nan aikin zamani muke yi."

Aji ya kwashe da dariya. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Allah ya ba da haƙuri, Malam." Bai sake ɗaga hannu ba har aka gama zangon. Kuma in gaya muku wani abin kunya, duk tsawon aikin nan ban buɗe littafi ɗaya da hannuna ba. Ƙura ce da su, ni kuma farar riga nake sawa. Na san Baba ya taɓa zuwa ofishin nan da Mista Obi, amma ko sau ɗaya tunanina bai haɗa wannan da wancan ba.

Aiki ya fito a doguwar takarda mai ratsi-ratsi, suna bi suna, tsaf kamar an jera ƙwai. Baƙi suka zo suka yaba, aka ɗauke mu hoto, aka fara maganar ƙara mini girma tun ban cika shekara biyu ba. Tsofaffin littattafan kuwa aka watsa su a wani sito mai yoyo. Damina ta ci rabi, sauran masu gadi suka sayar wa masu tsire da masu ƙosai. Wata safiya Malam Inuwa ya shigo ofishina, ya ajiye wani shafi da ya jiƙe da mai a kan teburina. Ga layukan sunaye, ga jar tawada a gefe.

"Malam, yau a cikin fuloti goma sha biyu aka ƙunso mini ƙosai," in ji shi. Ya juya ya fita. Na jefa shafin a kwandon shara na goge hannuna.

A shekarar da ta biyo baya Baba ya rasu. Bayan sadakar arba'in aka zo maganar gado, kuma abin da muka sani ya bari bai wuce gidan Fagge da keke da littattafansa ba. Sai ga Yaya Modu, wana, wanda ya bar ɗinki ya koma kwangila, ya shigo ɗakin Inna bayan la'asar da takarda mai hatimi. Ya je ofishin filaye neman wani abu dabam, wani akawu ya nuna masa sunan ubansa a kan doguwar takardar. Kuma tuni wani Alhaji mai son gina otal ya taya gidan da kuɗin da ba mu taɓa jin irinsa ba.

"Modu, ka ji tsoron Allah," in ji Inna. "Da idona na ga ubanku ya miƙa wa matar nan makulli."

"Makulli ya ba ta ta zauna, Inna, don tausayi. Wa ya san cinikin da suka yi da mijinta kafin ya gudu? Ga takardar hukuma. In ba ki yarda da ni ba, ga ɗanki Bature nan, shi ya yi ta."

Inna ta juyo ta dube ni. "Bukar, me ka ce?"

"Sai na duba, Inna."

Na duba. Washegari na jawo durowar katunan, na nemo lambar fulotin, na ɗaga katin ga hasken taga na karanta hujojin. Malam Kyari Fagge. Babu Obi, babu riƙo, babu komai. Na zauna a ƙasa a ofishina da farar rigar tawa. Na tafi wurin babban jami'in nan na gaya masa. Ya rufe ƙofa, ya ba ni lemo mai sanyi, sannan ya ce ba gida ɗaya ba ne, in aka tona za a iske da yawa, wasu ma an riga an sayar an yi gini. Ya ce in na buɗe baki aikin duka ya rushe, kuma sunan da ke ƙasan takardar nawa ne, ba nasa ba. Yaya Modu ma ya same ni ya ce idan ina son in tsaya a gaban jama'a in ce karatun Turai da aka yi ta yi mini guɗa a kai shirme ne, to bismillah. Na kwana biyu ba na iya cin abinci. Amma kada ku ɗauka tausayin Mama Nkechi ne ya hana ni ci. Tsoron a yi mini dariya ne, irin dariyar da na sa aka yi wa Malam Inuwa.

Mama Nkechi da kanta ta zo kwalejin. Mota biyu ta shiga, ta ƙarasa da ƙafa cikin rana, ta kawo mini dafaffiyar gyaɗa a ƙulle a gefen zani. Ta ƙi zama a kujera sai da na matsa mata.

"Bukar, ɗana, Modu ya ce in tashi. Ya ce gidan na babanku ne."

"Na ji, Mama."

"Ni ban san inji ba. An ce kai ka san shi. Ban zo roƙo ba. Ranar da za a zauna, ka zo ka faɗi abin da ka sani, shi ke nan."

"In Allah ya yarda, Mama."

"Ka rame," in ji ta. "Matarka ba ta ba ka abinci ne?"

Aka zauna a ofishin filaye, mutum uku a bayan tebur, fanka tana juyawa a sama. Maƙwabtanta biyu suka ce sun san gidan na Mista Obi ne, aka ce musu ina takarda. Inna ta so zuwa, Yaya Modu ya ce mai takaba ba ta fita. Malam Inuwa ya zo ba wanda ya kira shi, ya miƙe ya yi bayanin rubutun gefe tiryan-tiryan. Shugaban zaman ya ce a kawo littafin a gani. Babu littafi. Sai ya juyo gare ni.

"Malam Bukar, kai ne masani. Injin nan yana kuskure?"

Na miƙe na gyara laktaye. Na ce, "Ranka ya daɗe, inji ba ya kuskure. Abin da aka ba shi, shi yake fitarwa."

Babu ƙarya ko ɗaya a maganar nan, shi ya sa na zaɓe ta. Na tsaya ina jira ya tambaye ni wa ya ba shi, kuma me aka hana shi. Na gaya wa kaina in ya tambaya zan faɗa. Bai tambaya ba, ya ce na gode, zauna. Na zauna. Mama Nkechi ba ta yi kuka ba, ba ta zage ni ba. Kallona kawai ta yi, irin kallon da take yi mini ina yaro idan na ce na wanke hannu alhali ban wanke ba. Aka ba ta wata uku ta kwashe kayanta. A bakin ƙofa na yi ƙoƙarin gaisawa da Malam Inuwa, ya sa hannunsa a aljihu ya ce, "A sauka lafiya, Malam."

Ranar da za ta bar Kano ta biyo ta Fagge. Ba ta nemi Yaya Modu ba, ba ta neme ni ba, ɗakin Inna ta shiga, ni ina tsakar gida ina jin su.

"Malam Kyari ne ya ba ni wannan," in ji ta. "Shi ya kamata in mayar wa. Tunda ba ya nan, ga shi, Inna."

Inna ta karɓi makullin ta mayar da shi kan ƙusar da ya taɓa zama, ta kuma rantse ko kwabo na gidan nan ba zai shiga hannunta ba. Haka aka yi. Da aka sayar aka kawo mata rabonta, ta ce a fitar mata da shi daga ɗaki. Har ta koma ga Allah ba ta ci tuwon gidan Yaya Modu ba.

Kun taso kuna jin ana cewa kawunku Modu ya ci amana, kuna ganin ba ma zumunci, kuka ɗauka ni ne na ƙwarai a cikinmu. Na bar ku a haka don ya yi mini daɗi. To ga abin da ba ku sani ba. Ni ma an kawo mini rabona, kuma na karɓa. Na ce zan ajiye in nemi inda Mama Nkechi take in aika mata. Wata ɗaya ya wuce, biyu suka wuce. Mahaifiyarku tana da cikin Yagana, muna cikin ɗaki biyu na haya, sai ga fili ya fito a Kwaciri, ga siminti ya samu ta hannun wani aboki. Na ce in fara gini, in na samu sarari sai in mayar mata. Sararin bai zo ba, don ban neme shi ba. Bayan wasu shekaru na ji Mama Nkechi ta rasu a ɗakin 'yarta. Modu ko banza ya yarda da takardar da ya gani, ko ya sa kansa ya yarda. Ni na ɗaga katin ga taga na karanta.

Na ci gaba da koyar da darasin nan har na yi ritaya. Kowace shekara, tun makon farko, nakan gaya wa ɗalibai kada su taɓa goge tsohon suna don sun sami sabo, kada su taɓa yar da littafi don sun kwafe shi, su tambayi tsohon akawu kafin su hau allo. Har suna suka sa mini, Malam Gefen Shafi. Wasu sun zama manya, suna zuwa gaishe ni suna cewa ni na koya musu tsantseni. Sai in yi murmushi in sa musu albarka. Ban taɓa gaya wa aji ɗaya inda na koyo shi ba, ban kuma taɓa ambaton sunan Malam Inuwa ba, wanda na ba shi maki kaɗan a darasin da ya fi ni sani. Wannan yabon yana yi mini ɗaci fiye da zagi.

Ranar da muka tare a gidan nan an yi walima, an yanka rago. Inna ta zo da tabarmarta a naɗe a hammata, ta shimfiɗa a tsakar gida, a daidai inda kuke ajiye motocinku yanzu. Aka kawo mata ruwa ta ce ta sha a gida. Ta ɗaga kai ta dubi fenti, ta dubi tagogin gilashi, na durƙusa a gabanta ina jiran albarka.

"Ma sha Allah," in ji ta. "Ashe Mama Nkechi ta yi sabon gida."

Ta naɗe tabarmarta ta tafi, ba ta sake taka ƙofar nan ba.

A cikin akwatin ƙarfe da ke ƙarƙashin gadona za ku sami makulli ɗaya da kati ɗaya mai huji. Akwai kuma sunan garin da na ji 'yar Mama Nkechi, wato Nkechi, take aure, ban sani ba ko tana raye, amma ba za a rasa 'ya'yanta ba. Ni na kasa zuwa, kunya ta fi ƙarfina tun ina da ƙafa, balle yanzu. Idan na mutu, kafin ku kira malamin da zai raba muku gidan nan, ku neme su. Takardar gidan tana cikin akwatin ita ma, da sunana a kai, da hatimi, babu kuskuren ko harafi ɗaya. Abin da kuka karanta yanzu shi ne rubutun gefenta, kuma na roƙe ku don Allah kada ku yar da shi.